Zaman da muke shiryawa kan intanet da dimokuraɗiyya: su wa za su yi magana?

Malamin Sakandare (shugaban zaure):
Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda muka tsayar makon jiya, lokaci ya yi da za mu fitar da tsarin zaman nan kafin guguwar zaɓen 2027 ta taso ta hana kowa jin kowa. Ga abin da na rubuta: mu nemi ɗakin taro a Gidan Mambayya da ke Gwammaja, ranar Asabar da hantsi. Mu gayyato malaman jami'a biyu, lauya ɗaya, da wani daga hukumar zaɓe in sun amsa. Kowa ya yi minti 20, sai tambayoyi, a rufe da addu'a kafin azahar. Take: intanet da mulkin dimokuraɗiyya. Da gangan na zaɓi Mambayya, don gidan Malam Aminu Kano ne, kuma a garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, mutanen da suka koya wa talaka cewa yana da bakin magana a gaban kowa. Mai gyara ya kawo yanzu, kada sai an buga takardar gayyata.

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri, amma ina da ja. Shekara 11 ina zaune a Farm Centre, wayoyin mutane ke ratsa hannuna tun safe har magariba. In ka yi taron nan yadda ka tsara, mutanen da za su cika kujerun su ne dai mu ɗin nan da muke rubutu a Facebook kullum, mun riga mun san abin da kowa zai faɗa. Mutumin da ke kawo min waya daga Gezawa ko Bichi ba ya karanta boko. Ni nake buɗe masa WhatsApp, ni nake sa masa TikTok, saƙon murya kawai yake turawa yana saurara. Kuma wallahi ta nan yake jin siyasa, ta nan ake gaya masa wane ɓarawo ne wane na Allah ne. Shi ne ke tsayawa a layi ranar zaɓe cikin rana. In ba ya cikin zaman, da wa za mu tattauna?

Malamin Sakandare:
Ƙofa a buɗe take, ba wanda za a hana shiga.

Mai Gyaran Waya:
Malam, ƙofa a buɗe take, amma mai faci ba zai rufe sana'arsa ranar Asabar ya hau adaidaita sahu ya zo ya ji Turanci ba. Ko ya zo, in ya ga babban tebur da manyan riguna, shiru zai yi har a tashi.

Bazamfare:
Salamu alaikum. Ni dai ban cika magana cikin wanga zaure ba, amma yau sai na yi. Ku kuna maganar wanda bai iya karatu ba. Ni ina maganar wanda anka kashe wa layi ɗungurungum. A watan Satumba na 2021 munka wayi gari babu sabis ko sanda guda, ba kira, ba saƙo, ba intanet, ba POS. Anka ce mako biyu ne. Mu na ƙauyuka munka kwashe watanni. Kasuwannin mako an rufe su, mai ba a sayar da shi a jarka. In kana son ka gaya wa ɗan'uwanka na Kano kana raye, sai ka shiga mota zuwa Funtuwa ka yi waya ka dawo. Da anka kashe ta Funtuwa ita ma, sai Zariya. Munka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi a tasha, kamar zamanin kakanninmu. Gwaggona ta rasu, 'ya'yanta na Legas ba su ji ba sai bayan sadakar bakwai.

Abin da ya fi yi mini ciwo, ba wanda ya tambaye mu kafin a yi, ba wanda ya dawo ya tambaye mu bayan an yi. In za a yi zama kan intanet da dimokuraɗiyya, ni a wurina tambaya ta farko ita ce: wa ke riƙe da makunnin, kuma wa yake shawarta kafin ya kashe?

Barista:
Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba ku haƙuri. Kawu, ka taɓo inda nake son mu je. Bari in jera muku abubuwa biyu da suka faru a shekara guda, ku duba bambancinsu.

Ranar 4 ga Yuni 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya yi nuni da yaƙin basasa. Lai Mohammed ne ministan yaɗa labarai a lokacin. Duniya ta ɗauka, jakadun ƙasashen waje suka yi magana, matasa suka koma shiga ta VPN, manhajar da ke zagaye toshewar, ƙungiyar SERAP da wasu suka kai ƙara kotun ECOWAS. An ɗage haramcin ranar 13 ga Janairu 2022, bayan wata bakwai. Ranar 14 ga Yuli 2022 kotun ta ce abin da aka yi ya saɓa wa doka, ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki.

A watan Satumba na 2021 ɗin hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su kashe layukan Zamfara baki ɗaya, bisa buƙatar gwamnatin jihar. Sai ƙananan hukumomi 13 na Katsina, sai 14 na Sakkwato, sai wani yanki na Kaduna. Twitter manhaja ɗaya ce da 'yan birni ke amfani da ita. Wannan kuwa miliyoyin mutane aka raba da waya kacokan. Amma hayaniyar da aka yi a kai ba ta kai rabin ta Twitter ba, don waɗanda abin ya shafa an riga an ɗauke musu abin da za su yi ihun da shi. Mu kuma da muke da sabis a Kano da Zariya muka yi ta harkokinmu.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Barista, 'yata, a yi adalci. Na tuna lokacin sarai. Mutane da yawa a arewa sun yi maraba da matakin, har da mutanen Zamfara. Infoma na zaune cikin gari yana buga wa 'yan bindiga waya cewa ga sojoji sun fito, ga wane ya sayar da shanu yana da kuɗi. Kuɗin fansa ta waya ake cinikinsa. Hukuma ba ta yi don ƙeta ba. Kada mu shirya zaman da zai zama na zagin gwamnati kawai, in muka yi haka ba mu koya wa kowa komai ba.

Bazamfare:
Baba gaskiya ka faɗi, ni kaina na yi murna a makon farko, na ce ko Allah ya kawo ƙarshen abin. To amma ɓarayin sunka riƙa hawa duwatsu suna kamo sabis na ƙetare, waɗansu na da wayar tauraron ɗan'adam. Mu ne munka rasa hanyar kiran agaji in sun shigo da dare. Da, in anka ga ƙurar baburansu, ƙauye na buga wa ƙauye waya a watse. Wannan ya tsaya.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
To ka ga irin maganar da nake so a ji a zaman. Wanda ya goyi baya da farko, ya ga abin da ya biyo, ya faɗa da bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ya fi takardar farfesa goma.

Barista:
Ban ce a zagi kowa ba Baba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba mu 'yancin magana da karɓar labari, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, amma sai da doka, kuma gwargwadon buƙata. Tambayata ita ce wace doka, wa ya sa hannu, na kwana nawa, wa zai duba in ya yi amfani ko bai yi ba. Muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa. Ina ba da shawarar mu rubuta wa NCC tun yanzu mu nemi ƙa'idojin da take bi kafin ta kashe layin wani yanki. In sun amsa mu karanta a zaman. In ba su amsa ba mu gaya wa jama'a mun tambaya. Ni zan rubuta, kyauta.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida mutanen Najeriya. Ina bin ku tun ɗazu, rezo, wato sabis, ne ke wahalar da ni. Mu ma a Nijar mun ɗanɗana. An yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Fabrairu 2021, aka ce Bazoum ya ka da Mahamane Ousmane, rikici ya tashi a Yamai, sai aka yanke intanet ta salula wajen kwana 10. A daidai lokacin da kowa ke son ya ji abin da ake ciki, lokacin ne aka rufe. Jita-jita kuwa ba ta tsaya ba, ta koma fada da tasha da bakin kasuwa, inda ba mai iya ƙaryata ta.

Amma abin da ya sa na sa baki daban ne. Iyayenmu har gobe suna ba da labarin Taron Ƙasa na 1991, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli aka yi wata uku ana yi, ɗan garinmu André Salifou na shugabanta. Abin da ya sa ya shiga jinin mutane shi ne rediyo na watsa shi, manomi na gona da akwatinsa yana jin ana tuhumar manya. Ku yi tunanin wannan. In zaman ku ya tsaya cikin bango huɗu na ɗaki, ya mutu a nan. Sannan ku gode wa Allah kuna da damar yinsa. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da RFI da France 24 a nan, a ƙarshen 2024 BBC ma aka dakatar da ita wata uku. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Malamar Islamiyya:
Ɗan'uwa na Damagaram, ka manta rabin labarin, ko in ce ka bar mini shi. Kafin a buɗe wannan taron naku, da mata suka ga an kusa shafe su daga kwamitin shirye-shirye, sai suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 har aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa ranar ta zama ranar matan Nijar.

Malam shugaban zaure, da girmamawa, na duba jerin masu jawabinka ban ga inda aka ce mace ba, in ban da Barista da nake fata ita ce lauyar. Asabar da hantsi kuma matan aure suna makarantar Islamiyya ko suna kan girki. Ina da ɗalibai sama da 60, kusan kowacce da waya, da yawansu suna sayar da atamfa da turaren wuta da kayan mata ta WhatsApp, suna ciyar da gida da shi. Amma ka tambaye su ko sun taɓa rubuta ra'ayinsu kan kansila ko ɗan majalisa. Ba sa yi. Wadda ta gwada, a ranar za a ɗauko hotonta a zagi iyayenta a ce ba ta da tarbiyya, wani ma ya kai ƙara wurin mijinta. Matan arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan haka. Yanzu mu ne muka fi cika layin zaɓe, amma a dandalin da ake tafka muhawarar an kore mu da baƙar magana. Wannan ba ya cikin dimokuraɗiyyar da za a tattauna?

Malamin Sakandare:
Yana ciki Malama, kuma na karɓi gyara. Laifina ne. Me kike ganin ya dace?

Malamar Islamiyya:
A ba mu zamanmu daban, ranar Alhamis bayan la'asar a harabar makaranta, mata zalla, ba kyamara. Abin da muka tattara mu turo wakilai uku su faɗa a babban zaman. In aka haɗa mu da maza tun farko, uku za su yi magana sauran su rufe fuska.

Ɗalibar Kwamfuta:
Anti Malama na goyi bayanki, amma ina roƙon kada zaman matan ya zama dalilin da za a ce to an sallame mu. A babban zaman ma a ba mace lasifika daidai da namiji.

Sannan ina son a ware lokaci a yi wa mutane bayanin yadda abin yake aiki, da Hausa, don da yawa suna ɗauka intanet iska ce kawai. Wayarka na magana da ƙarfen sabis na unguwarku, shi kuma da wayoyin da aka binne a ƙasa har Legas, daga can sai manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kun tuna yadda bankuna suka tsaya. Duk inda abu ya bi ta ƙofa ɗaya, mai ƙofar na iya rufewa. In mutum ya gane haka, zai gane maganar Kawu Bazamfare ta makunni.

Na biyu, zaɓen 2023. An ce mana na'urar BVAS za ta tantance mai zaɓe, a ɗauki hoton takardar sakamako ta rumfa a ɗora a IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe, kowa ya gani daga wayarsa. Ranar 25 ga Fabrairu sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi sai da dare ya fara, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. A watan Oktoba Kotun Ƙoli ta ce IReV wurin kallo ne, ba da shi ake tattara sakamako ba. Ƙawayena da suka yi zaɓen farko a ranar, da yawa sun ce sun gama. Mutum miliyan 93 da ɗoriya suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. In muna son su dawo a 2027, dole wani ya zauna ya fayyace musu abin da na'ura za ta iya da abin da sai wakilin jam'iyya ya tsaya a rumfa ya karɓi kwafinsa da hannu.

Ɗan Midiya:
Ni fa ina ganin kuna kewaye-kewaye. Ku gayyato 'yan siyasa kawai, kowace jam'iyya ta turo mutum ɗaya. Su ke da kuɗin ɗaki da na abinci, su za su jawo jama'a. In ba su, mutum 30 ba za ku tara ba.

Mai Gyaran Waya:
In suka zo da yaransu da ganguna, an gama zama. Kowa zai zo kare ubangidansa.

Ɗan Midiya:
Yaya, ni ɗin nan yaron wani ne, ban ɓoye ba. Shekara huɗu ina yi wa wani ɗan siyasa aiki a soshiyal midiya. Ana ba mu kuɗin data duk wata, ana turo mana abin da za mu ɗora da safe, mu wajen 40 mu sake shi lokaci guda har ya zama kamar duk gari maganar ake. Wata rana an ba ni hoton wani asibiti da ya lalace aka ce in ce a mazaɓar abokin hamayya yake. Na ɗora. Daga baya na gano hoton ma ba na ƙasar nan ba ne. Har yau abin na damuna, don mahaifiyata ta gani ta yarda, ta kuma tura wa 'yan'uwanta. Na gama digiri ba aiki, wannan ne ya riƙe ni. Shi ya sa nake cewa ku kira masu biyan kuɗin, don mu 'yan aike ne.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan gaskiyar. Kai nake so ka yi magana a zaman, ba ubangidanka ba. Kafin ku akwai sojojin baka a gidajen rediyo, na zauna da su shekaru, na san yadda ake sayen fili a zo a yi ta yanka. Bambancin shi ne a rediyo akwai edita da zai ce wannan ba za ta fita ba, akwai hukumar da za ta ci tarar tasha. A waya ba kowa tsakaninka da kunnen tsohuwa. Ku tuna daren ruwan gishiri a watan Agusta na 2014 lokacin Ebola, yadda aka tashi mutane da asuba ana cewa a yi wanka da shi a sha, har aka rasa rayuka. Ku tuna maganar Jibrin na Sudan, da ta yi ƙarfi har sai da Shugaba Buhari ya fito a Poland a ƙarshen 2018 ya ce shi ne da kansa. Masu digiri sun yarda da wannan, ba 'yan ƙauye kaɗai ba.

Ra'ayina: 'yan siyasa su zo in suna so, su zauna a tabarma kamar kowa, minti uku kamar kowa. Kada mu karɓi ko kwabonsu.

Ɗan Midiya:
In zan yi magana Baba, ba za a ɗauke ni a bidiyo ba. Ina da iyali.

Malamin Sakandare:
To ga wata matsalar. Ni niyyata a watsa zaman kai tsaye a Facebook don na nesa su gani, irin su ɗan'uwanmu na Damagaram.

Barista:
Tsoronsa na da tushe Malam. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama 'yan jarida da masu rubutu da shi. An yi masa gyara a Fabrairu 2024, an rage faɗinsa, amma kamen bai tsaya ba. Kun tuna ɗalibin jami'ar Dutse da aka kama a Nuwamba 2022 kan saƙo ɗaya da ya rubuta game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. A 2019 ma Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo ƙudurin da zai ba hukuma ikon toshe intanet kan abin da ta kira labarin ƙarya, jama'a suka yi ca a zaman jin ra'ayi na majalisa, ya kwanta. Irin wannan ƙudurin na iya dawowa da wani suna.

Game da taron kansa kuwa, kada kowa ya tsorata ku da maganar izini. Tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. Za mu sanar da su da mai unguwa don ladabi da tsaro, shi ke nan.

Ɗalibar Kwamfuta:
Akwai hanyar da za a ji ra'ayin mutum ba tare da an ga fuskarsa ba. A Taiwan a 2015, da rikici ya tashi tsakanin direbobin tasi da Uber, sun yi amfani da wata manhaja mai suna Polis. Kowa ya rubuta jimla ɗaya gajeriya, sauran su danna na yarda, ban yarda ba, ko na wuce. Ba wurin mayar da martani, don haka ba wurin zagi. Daga ƙarshe sai a fito da jimlolin da ɓangarorin da ke gaba da juna duk suka yarda da su, a fara daga nan. Ba sai mun yi da manhaja ba. Mu ba da lamba ɗaya a turo saƙon murya na minti ɗaya, mu rubuta su ba suna, a karanta a zaman, a raba wa mutane wake da masara, wake na yarda, masara ban yarda ba, a zagaya da ƙwarya.

Mai Gyaran Waya:
Wannan ta yi ƙanwata. Lambar kuma a bar ta a hannun mutum biyu amintattu, a goge saƙon da an rubuta. Kuma a tuna data ta yi tsada tun da aka ƙara kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Wanda ba shi da ita ya zo shagona ko na abokaina ya yi saƙon a wayarmu, zan yi magana da mutum biyar a kasuwa.

Malamar Islamiyya:
Ina roƙon abu ɗaya. Tun ɗazu sharri muke lissafawa. In muka tara mutane muka cika musu kunne da kame da ƙarya da yanke layi, za su tashi da cewa gara a bar abin baki ɗaya, kuma wasu mazan dama neman hujjar ƙwace wayar matansu suke. A faɗi alherin ma. Yaran nan da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, yawancinsu 'yan Kano da Kaduna, wata uku suna tsare ba mai jin ɗuriyarsu. Ranar 1 ga Nuwamba aka kai su kotu a Abuja, wasu suka faɗi don yunwa, wani ya ɗauka a waya. Ni da idona na ga ɗalibaina suna kuka a kan bidiyon nan. Kwana uku aka ba da umarnin a sake su.

Bazamfare:
Haka ne Malama. Ko mu muna da Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka. Gubar dalma ta wurin haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 a jiharmu tun 2010. Kuɗin share garin sunka maƙale, likitoci na cewa ba su iya fara magani sai an kwashe ƙasar mai guba. Matasan Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, sunka ɗauki maganar a Twitter da Facebook, sunka hana manya barci, a farkon 2013 anka saki kuɗin. Shi ya sa da anka yanke muna layi na ji kamar an yanke muna harshe. Na san abin da yake iya yi.

Malamin Sakandare:
Alhamdu lillahi. Na yage takardata ta farko. Ga abin da na fahimta, wanda bai yarda ba ya ce.

Zaman mata ranar Alhamis a hannun Malama. Babban zama mu mayar da shi yammacin Lahadi a filin makarantar firamare, a tabarma, da Hausa zalla, in mai unguwa ya amince. Kawu Bazamfare ne zai buɗe, ba farfesa ba. Malaman jami'a za mu gayyace su su zauna su amsa in an tambaye su. Mambayya mu ajiye ta sai zama na uku, inda za mu kai wa hukumomi da 'yan majalisa abin da jama'a suka ce a rubuce. Barista da wasiƙar NCC. Baba, ko za ka taimaka mana da tsofaffin abokan aikinka a samu tashar da za ta ba mu ko rabin awa?

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Zan gwada, amma ban yi alkawarin kyauta ba, fili kuɗi ne. Ku fara karo-karo. Kuma ni zan riƙe agogo, wanda ya wuce minti uku zan karɓe lasifika ko waye shi.

Ɗan Damagaram:
Maganar watsawa kai tsaye fa? Ba ku yanke ba. Ni ina so in ji, kuma akwai 'yan fadarmu da za su taru su saurara.

Ɗan Midiya:
In da kyamara ni ba zan tashi ba, kuma na san irina da yawa ba za su tashi ba.

Ɗalibar Kwamfuta:
A ɗauki murya kawai, a sanar kafin a fara, wanda bai so a kashe na'urar in ya miƙe. Amma ba mu da ikon hana wani cikin taro ya ɗaga wayarsa, wannan sai dai roƙo.

Barista:
Ni har yanzu ina ganin a watsa rabin farko, a rufe rabi na biyu. Mu bar shi zuwa Laraba kowa ya yi tunani, a jefa ƙuri'a a nan.

Malamin Sakandare:
To Laraba bayan isha'i. Kuɗin karo-karo a tura wa Malama, ita za ta riƙe lissafi ta kawo shi nan kowa ya gani. Muna buƙatar janareta da tabarmi kamar 30.

Mai Gyaran Waya:
Janareta da lasifika na ɗauka. Man kuma sai a taimaka.

Bazamfare:
Ni Juma'a zan tafi gida, ranar kasuwarmu Asabar ce. Akwai ƙauyuka biyu da har yau sai an hau tudu ake samun sabis, mutanensu na zuwa kasuwar. Zan ɗauko muryoyinsu a wayata in taho da su. Ɗalibarmu, ki rubuto mini tambayoyin kafin Alhamis da dare, guda uku sun isa, kuma ki sa su gajeru don tsofaffi ne da yawansu.